Abin da muke yi wa ihu a daren dambe

A Maradi ƙwallon ƙafa ne ke cika gidajen kallo, kokowa kuma ita ke tsayar da gari cak idan lokacin gasar takobi ya zo. Damben boksin na ƴan tsiraru ne. Mu ne za ka gani mun ƙi kwanciya, ko mun tashi cikin tsakiyar dare, saboda wasu mutum biyu za su dambace a Riyad ko Landan ko Las Vegas. Tun ina saurayi nake cikin waɗannan mutane, kuma har gobe ina son wasan. Sai dai akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai game da yadda muke kallonsa, kuma ina ganin gara a faɗe ta a fili. Yawancinmu yanzu faɗuwar mutum kawai muke zuwa jira. Wannan hali yana lalata wasan a can inda ake yin sa, yana kuma lalata tunanin yaranmu a nan, kuma mu masu kallo muna da hannu a ciki.

Wanda duk ya bi dambe daga nan ya san so ne kaɗai ke sa mutum ya jure. Manyan wasannin Amurka ana tsara lokacinsu ne don masu saye a gidajensu na can. Idan aka ce babban karo zai fara da ƙarfe tara na dare a Las Vegas, mu nan biyar ta asuba ta yi, ko ma shida. Sau da yawa ƙararrawar turmin farko tare take zuwa da kiran assalatu, kuma Musulmi ya san wanda zai amsa. Abin ba yau ya fara ba. Ko da aka kawo damben Muhammad Ali da George Foreman cikin Afirka, a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoban 1974, da ƙarfe huɗu na asuba aka yi shi don ya dace da daren Amurkawa, ga shi kuma agogonmu ɗaya da Kinshasa. Saboda haka shekaru da yawa masu kallon dambe a garin nan ba su da yawa, amma ƴan kaɗan ɗin sun san abin da suke kallo. Mutum ba ya sayar da barcinsa a kan abin da bai fahimta ba.

Kuɗin Saudiyya ne suka sauya lissafin. Tun daga Disamban 2019, lokacin da Anthony Joshua ya ƙwato kambunansa daga hannun Andy Ruiz a Diriyya, kusa da Riyad, manyan wasannin ajin masu nauyi suka fara komawa can. Awa biyu ce tsakaninmu da su, don haka babban karo ya riƙa faɗowa kusan tsakar darenmu, lokacin da samari ba su bar fada ba tukuna, shayi na uku yana kan gawayi. Ga kuma wayoyin hannu sun cika gari. Sai masu kallo suka ƙaru ƙwarai, kuma na yi murna da haka. Abin da bai ƙaru ba shi ne sanin wasan.

A ɗauki daren 28 ga Oktoban 2023, da Francis Ngannou ɗan Kamaru ya kara da Tyson Fury. Lokacin muna cikin duhun takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, masu gidajen kallo da injin wuta suke aiki, man ƴan ruwa-ruwa kuma ya yi tsada tun da aka cire tallafi a can. Duk da haka wuri ya cika. A turmi na uku Ngannou ya kai Fury ƙasa da naushin hagu, rumfar kwano ta kusa tashi don ihu. Da aka kammala turmi goma aka ɗaga hannun Fury, sai gari ya ɗauka: an yi mana fashi, an danne baƙar fata, Turawa ba sa son ɗan Afirka ya ci. Ni ma Ngannou nake so ya ci, zuciyata tana tare da shi daga farko har ƙarshe. Amma da na tambayi masu hayaniyar yadda ake ba da maki, da ƙyar na samu wanda ya iya faɗa mini.

Ga yadda abin yake. Alƙalai uku ne ke zaune a gefe uku na dandali, kowa da takardarsa, kuma kowane turmi shari'arsa dabam. Wanda ya rinjayi turmi yana samun maki 10, ɗayan ya samu 9. Idan an kai mutum ƙasa, galibi 10 da 8 ake rubutawa. A ƙarshe sai a tara. Ke nan kayar da Fury da Ngannou ya yi ya ba shi ratar maki biyu a turmi ɗaya, sauran tara kuwa sai ya ci su ɗaya bayan ɗaya. Alƙali ɗaya ya ba Ngannou 95 da 94, ɗaya ya ba Fury 95 da 94, na ukun ya ba Fury 96 da 93. Mutum na iya cewa na ukun ya yi nisa, kuma zan saurare shi. Ana zalunci a hukuncin dambe, babu mai musu: a watan Maris na 1999 duniya ta ga Lennox Lewis ya fi ƙarfin Evander Holyfield a New York, aka ce canjaras. Amma kafin ka ce an yi zalunci, sai ka zauna ka ƙirga turmi goma ɗin da idonka. Wanda naushi ɗaya kawai ya riƙe a ransa ba shi da hujjar da zai kafa.

Abin takaicin shi ne daɗin wasan na gaske yana cikin waɗancan turaman da ake kira na banza. Wanda ya kalli Oleksandr Usyk da Fury ranar 18 ga Mayun 2024 da natsuwa ya ga abin da nake nufi. Fury ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ya fi shi nauyi da kusan kilo 18. A tsakiyar wasan Fury ne ke kan gaba, yana zuba masa naushi a ciki. Usyk, wanda bahago ne, bai fasa abin da ya zo da shi ba: kullum ƙafarsa ta gaba tana neman wajen ƙafar Fury, yana matsa masa, yana hana shi numfashi, yana sa shi ja da baya har igiya. Abin da ya faru a turmi na tara, da Fury ya riƙa tangaɗi igiya na tare shi har alƙalin wasa ya yi masa ƙirga, tun turmi na farko aka fara gina shi. Usyk ɗin nan ya yi dambe sama da 300 kafin ya zama ƙwararre, ya ci zinariya a gasar Olamfik ta Landan a 2012, kuma a daren nan ya zama na farko da ya haɗe duk manyan kambunan ajin masu nauyi tun bayan Lewis a 1999. Washegari abin da ya yi ta yawo a WhatsApp daƙiƙa talatin ne na turmi na tara. Wanda wannan kaɗai ya gani daidai yake da mutumin da bai taɓa zuwa gona ba sai ranar girbi, sannan ya ce ya san noma.

Daren da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 8 ga Maris 2024, kwana kaɗan kafin azumi. Ngannou ne kuma, wannan karon da Joshua. Dare ya raba, yara ƙanana da ya kamata a ce suna gida suna zaune a gaba a ƙasa, manya a kan benci. Tun a turmin farko hannun daman Joshua ya kai Ngannou ƙasa. A na biyu ya sake kai shi. Ya tashi, amma duk mai ido ya ga ƙafafunsa ba su dawo ba, hannunsa bai hau ya tare fuska ba. Aka bar wasa ya ci gaba. Naushi na gaba ya same shi a tsaye ba kariya, ƙafarsa ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa, ya zube bai san inda kansa yake ba. Rabin ɗakin suka hau benci suna tsalle. Da aka maimaita hoton a hankali, wasu suka riƙa cewa a ƙara, a ƙara. A kusa da ni akwai wani dattijo tela da muka daɗe muna kallo tare. Shi dai ya dafe kai yana salati. Da hayaniya ta lafa ya juyo ya ce mini, "Malam, wannan yaron ai uwa gare shi." A allon kuwa likitoci ne durƙushe a kansa, ana sa masa abin shaƙar iska, amma kusan babu mai kallon wannan, kowa ya duƙufa a kan waya yana tura wa abokai.

Tambayar da ya kamata mu yi ita ce yadda aka yi wannan karo ya yiwu. Ngannou gwarzo ne a wani wasan dabam, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokowa, amma a damben boksin wannan ne karonsa na biyu kacal. Joshua kuwa ya riga ya yi 30 a matsayin ƙwararre, ban da zinariyar Olamfik. Babu wani tsari na adalci da zai haɗa su. Kasuwa ce ta haɗa su, kasuwar kuma idon masu kallo ne. Na san amsar da za a ba ni: mu da muke biyan dala ashirin ko arba'in a ƙofar gidan kallo, wa ya san da mu a Riyad? Gaskiya ne kuɗinmu ba sa isa can. Amma masu shirya wasannin yau da yawan ido suke ciniki. Kowane hoton faɗuwa da aka buɗe, aka tura, aka danna masa alamar so a Facebook ko TikTok, ana ƙirga shi, kuma da wannan ƙirgar ake gane irin hajar da ke tafiya. Injin da ke ƙirgar bai damu ba ko daga Maradi aka danna ko daga Manchester.

Inda wannan hanya ke kaiwa mun gan shi ranar 15 ga Nuwamban 2024 a jihar Texas. Mike Tyson, yana da shekara 58, aka sa shi gaban Jake Paul mai shekara 27, wanda a YouTube ya yi suna. Rabon Tyson da damben ƙwararru tun 2005. An ma ɗage wasan daga watan Yuli saboda gyambon ciki da ya tasar masa. Aka rage tsawon turmi zuwa minti biyu, aka ƙara kaurin safar hannu, alamar masu shiryawa da kansu sun san abin da suke yi. Netflix, kafar da ta nuna wasan, ta ce mutane sama da miliyan 100 suka kalla. A nan garin ma an kwana ana jiransa, mutanen da ba su taɓa jin sunan Usyk ba suna tambaya ƙarfe nawa Tyson zai fito. Mu da muka san Tyson na 1986, wanda ya ci kambun duniya yana ɗan shekara 20, mun ga dattijo yana jan ƙafa da ƙyar bayan turmi na biyu. Ba a kyauta masa ba, ko da kuwa shi ya sa hannu, ko da nawa aka biya shi. Da abin ya zo da ƙarar kwana a daren nan, da alhakin bai tsaya kan masu shiryawa kaɗai ba.

Ya kamata kowane mai kallo ya san abin da ke faruwa a cikin kan mutum lokacin da muke tsalle. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune cikin ƙoƙon kai. Naushin da ya sami haɓa yana fizgar kai da sauri, sai ta bugi ƙashi. Sumar da muke gani ke nan. Wani lokaci ƙananan jijiyoyin jini ne ke tsinkewa, jini ya riƙa taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwar. Mutum zai iya sauka daga dandali da ƙafarsa, yana magana, bayan ɗan lokaci ya yanke jiki ya faɗi. Safar hannun ma hannun mai duka ta fi karewa, shi ya sa yake iya dukan kai sau ɗaruruwa bai karye yatsa ba. A Nuwamban 1982 Duk Koo Kim ɗan Koriya ta Kudu ya faɗi a turmi na 14 a gaban Ray Mancini a Las Vegas, ya rasu bayan ƴan kwanaki, kuma mutuwarsa ce ta sa aka rage wasannin kambu daga turmi 15 zuwa 12. A watan Maris na 2025 ɗan damben Najeriya Segun Olanrewaju ya faɗi ana tsakiyar wasa a Bukom, cikin birnin Accra, bai tashi ba. A watan Agustan shekarar, ƴan damben Japan biyu, Shigetoshi Kotari da Hiromasa Urakawa, dukansu masu shekara 28, suka rasu bayan wasannin da suka yi a dare ɗaya, a zaure ɗaya a Tokyo. Kotari ma ba a kayar da shi ba, turmi 12 ya kammala aka yi canjaras. Wannan a Japan ke nan, inda likita da asibiti suke kusa.

Saboda haka ni a wurina mutumin da ya fi cancantar tafi a daren dambe shi ne wanda ya tsayar da wasa a kan lokaci. A Manila, a 1975, Joe Frazier ya kai ƙarshen turmi na 14 da Ali idonsa a kumbure ba ya gani sosai, yana so ya fita na ƙarshe, mai horar da shi Eddie Futch ya hana. Minti uku suka rage, kambun duniya na gabansa, amma Futch ya zaɓi ran yaronsa. A Fabrairun 2020 Mark Breland, ɗaya daga masu horar da Deontay Wilder, ya jefa tawul na tsayar da wasa a turmi na bakwai don ya ceci Wilder daga hannun Fury, ladan da ya samu shi ne kora daga aiki. Sai kuma Daniel Dubois. A Nuwamban 2020, yana karawa da Joe Joyce, ƙashin kwarmin idonsa ya karye, ya durƙusa a turmi na goma ya bari aka ƙirga shi. Duniya ta yi masa ca, har tsofaffin ƴan dambe suka ce rago ne. Da ya biye musu wataƙila da ya rasa idon. Ya je ya warke, ya dawo, ya zama zakaran duniya, kuma shi ne ya kayar da Joshua a turmi na biyar a Wembley a Satumban 2024. A gidajen kallonmu kuwa, da zarar alƙalin wasa ya shiga tsakani ya rungume wanda ya jigata, sai ka ji ana zaginsa, ana cewa ya ɓata wasa, an saye shi. Mutanen da ke faɗin haka ba su taɓa shan naushi ɗaya daga hannun mai kilo ɗari ba.

Akwai masu ce mini, to idan haka abin yake, me ya sa ba za ka bar kallon gaba ɗaya ba? A garin malamai irin Maradi wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba na raina ta. Hadisin da ya hana dukan fuska yana cikin Buhari da Muslim. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta ba da fatawa a 1987 cewa damben boksin irin wanda ake yi a gasa bai halatta ba, saboda an gina shi a kan cutar da jiki. Wanda ya bar kallo don wannan ya tsaya a kan hujja, kuma ina girmama shi. Maganata da waɗanda suka ci gaba da kallo ce, kuma muna da yawa. Idan har mutum yana ganin abin da ke jan sa shi ne horo da dabara da ƙarfin zuciya, to ya nuna hakan a yadda yake kallo. Mai murna don an sumar da ɗan'adam, mai cewa a maimaita masa, ba shi da abin da zai faɗa wa malamin da ya ce wasan cuta ne, don shi da kansa ya tabbatar da maganar. Balle kuma wanda ya zuba kuɗi a caca a kan turmin da mutum zai faɗi. Wannan sabuwar masifa ce da ta shigo ta waya, kuma ita ce ke sa yaro ya zauna yana addu'a a ji wa wani rauni kafin turmi na huɗu.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu ba baƙin wasan maza ba ne, kuma namu na gado sun fi wannan tausayi a wani fannin. A kokowa, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, sau da yawa ma wanda ya yi kayen shi ke miƙa hannu ya ɗaga abokin karawarsa. Filin kokowar garin nan sunan Yacouba Kantou yake ɗauke da shi, wanda ya ci takobin farko a Tahoua a 1975, kuma duk wanda ya taɓa zama a filin ya san ƴan kallonmu masana ne. Tsoho zai gaya maka tun daga yadda aka kama hannu wa zai faɗi. Ana jayayya a kan dabara, a kan ƙafa, a kan haƙuri. A damben gargajiya ma turmi uku ne, kuma da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, shi ke nan. Ba a ƙirga wa mutum goma don ya tashi da jiri a ci gaba da dukansa. Ba ina wanke damben gargajiya ba ne, shi ma yana da nasa haɗarin, zaren da ake naɗawa a hannu ba wasa ba ne, kuma sau da yawa babu likita a kusa. Amma idon da muke kallon kokowa da shi, idon masani, me ya hana mu zo da shi gaban talabijin?

Illar da ta fi damuna tana nan cikin unguwa. Bayan wasan Joshua da Ngannou na tarar da yara a lungun bayan gidanmu, sun zana fili a ƙasa, biyu sun naɗe hannu da tsumma, ɗaya yana ɗauka da waya, sauran sun yi da'ira. Babu mai tare fuska, babu mai motsa ƙafa, kowa ya rufe ido yana kai duka da iya ƙarfinsa yana neman haɓa. Ɗaya hancinsa na jini. Na raba su, na ce da babban cikinsu, "Kai ɗana, wa ya koya muku wannan?" Ya ce, "Baba, a waya muka gani." Gaskiya ya faɗa. Abin da aka tura masa ke nan. Ba a taɓa nuna masa shekarun da ɗan dambe ke yi yana tsallen igiya da gudun asuba da koyon kare kai kafin a bar shi ya daki kowa ba.

Manyansu kuma wani darasin suka ɗauka. Labarin Ngannou kowa ya haddace shi: yaron da ya tashi yana haƙar yashi a Batié, ya ratso ta ƙasarmu ya bi Sahara zuwa Aljeriya da Maroko, ya tsallaka Sifaniya aka tsare shi wata biyu, ya kwana a titin Paris, yau ga shi da miliyoyi. Labari ne na gaske, kuma mutumin ya cancanci yabo. Amma mu da muke kan hanyar Agadez mun fi kowa sanin yawan waɗanda suka bi wannan hanya ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Haka damben kansa yake. A ƙarƙashin kowane Joshua akwai ɗaruruwan ƴan dambe da ake kira don a doke su a gyara wa wani lissafin nasarori, a biya su abin da bai taka kara ya karya ba. Su ne ke buɗe fage da wuri, lokacin da kujeru ba kowa, lokacin da mu ma ba mu kunna talabijin ba. Matashin da ke mafarkin dambe ya kamata a gaya masa wannan tun kafin ya sayar da babur ɗinsa.

Kuma muna da namu tarihin da ya fi dacewa a ba shi. Ka shiga kowane gidan kallo a Maradi ka tambayi samari wane ne Issaka Daboré. Za su lissafa maka matan Tyson da motocin Mayweather, amma wannan suna sai ƴan kaɗan. Shi ne ɗan Nijar da ya je gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, ya koma ta Meziko a 1968, sannan a Munich a 1972 ya ciyo tagulla a ajin kilo 63 da rabi. Ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar nan, kuma ta hanyar dambe ta zo. Sai bayan shekara 44 muka sake samun wata, lokacin da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo azurfa a tekwando a Rio a 2016. Daboré ya rasu a Disamban 2021. Damben da ya yi shi ne na turmi uku, na maki, wanda ake koya a hannun mai horarwa, ake auna nauyi, ake duba lafiya. Idan har za mu so yaranmu su kusanci wannan wasa, ta wannan ƙofa ya kamata su shiga. Ghana ta fitar da su Azumah Nelson daga unguwannin talakawan Accra da ƴan ɗakunan horo marasa ƙyale-ƙyale, abin da suke da shi masu koyarwa ne da jama'ar da ta san wasan.

Akwai abubuwan da ke hannunmu tun yanzu. Mai gidan kallo zai iya kunna wasa tun daga ƙananan karo, ya kuma hana yara ƙanana zama har ƙarfe ɗaya na dare. Mai sharhi da Faransanci ko Ingilishi yake magana, mafi yawan ɗakin ba sa bin sa, to wanda ya san dokar wasa ya buɗe baki ya yi bayani tsakanin turmi da turmi, kamar yadda ake yi a ƙwallo. Gidajen rediyonmu masu shirin wasanni su ba dambe ko da minti goma ne na bayani da Hausa, ban da karanta sakamako. Zan so in ga ranar da Télé Sahel za ta nuna gasar damben ƙasa yadda take nuna takobi, mu san sunayen yaranmu na Maradi da Damagaram da Tahoua. Ni kuma a nawa ɓangaren ba na tura hoton wanda aka sumar, kuma ba na zama kallon karon da na san an haɗa shi ne don a wulaƙanta tsoho ko a yi wa sabon shiga illa, ko da sunan wa aka sayar da shi.

Da yadda masu kallo ke ƙaruwa, ba za a daɗe ba wani mai kuɗi zai ga akwai riba ya shirya daren dambe a garin nan, da fitilu da makaɗa da kyautar babur. Zan so hakan, kuma zan kasance cikin masu fara zuwa sayen tikiti. Amma kafin in biya zan tambayi mai shiryawa ko an auna nauyin yaran an haɗa kowa da daidai shi, ko likita ya duba su, ko akwai motar asibiti a bakin ƙofa da mai a cikinta, da kuma asibitin da aka yi magana da shi wanda zai iya aikin kai a daren idan ta ɓaci. Idan ya kasa amsawa ba zan shiga ba, kuma duk yaron da na san gidansu a cikin jerin masu karawa, zan je in sami mahaifinsa tun kafin ranar.